Amin Daga Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha, sai wani ya jawo benci ya ce, "Modu, wai da gaske kun sayo rediyon da mutum ke magana a cikinsa?" In na fara, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Na gaji, wallahi. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa ya bar ni in ci burodina. Sharaɗina ɗaya ne: kada wani mai neman suna ya ɗauka ya je ya karanta wa Yaya Bukar.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu Barebari ne, ko da yake Barbarcin ya ƙare a zanen fuskar Baba. Mu da Hausa da Fillanci muka tashi a nan Mubi. Baba hula yake sayarwa. Yaya Bukar, babban ɗansa, direban babbar mota ne. Wata rana yana ja da baya a ƙofar gida ya take dabinon da Baba ya shuka da ƙwallon da ya taho da shi daga Borno. Dabinon nan bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba, inuwarsa ko akuya ba ta isa ba, amma ranar sai ka ce kakanmu aka take. Magana ta yi zafi. Baba ya ce masa ya fita, shi kuma Yaya, da yake zuciyar iri ɗaya ce, ya fita har daga Najeriya, ya tare a Garwa. Ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai ya ji yafiya daga bakin Baba. Baba ya rantse ba zai je ba, ba zai aika ba, ba zai sa a rubuta ba.

Shekaru suka wuce. Aka rufe boda, aka sake buɗewa, su biyun ko gezau. Sai ƙafafun Baba suka fara kumbura, ya daina zuwa kasuwa, likita ya koma yi mini magana a bakin ƙofa maimakon a gabansa. A nan tsoro ya kama ni. Na san in tsohon nan ya tafi a haka, Yaya ba zai ƙara moruwa ba har abada.

Wanda ya kawo dabara abokina ne tun firamare, Malam Zira, mutumin Michika, mai koyar da kimiyya a sakandare. Zira ya faɗa wata harka ta mutanen da ba su da aikin yi: ashe akwai waɗanda ke ajiye ƙaramar tashar rediyo a ɗakinsu, su yi ta kiran junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ba ciniki ba saƙo, sai dai "ina jin ka, kana ji na?" Ya koyi bugun tangaraho, ya ci jarrabawa, ya sami lasisi, har an raɗa masa suna na haruffa da lamba. Abu ɗaya ya rage masa, rediyon. Ya ji labarin wani tsohon Bature a Garwa da zai sayar da ƙarami, kuma yana neman mai Fillanci ya raka shi.

Zira dai a Hausarsa babu mace a duniya, kowa "shi" ne. Ya ce, "Modu, matana ya yarda, mu tafi. Baturen yana da babban rediyo a gidan shi. In mun kawo ƙaramin Mubi, Baba naka zai yi magana, Bukar zai ji a can. Bai je ba, bai aika ba, bai rubuta ba. Rantsuwa ya tsira."

Na ce, "Ticha, yaushe ka zama mai ba da fatawa?" Amma dai na kai wa limamin unguwarmu. Ya shafa gemu, ya ce lalle Alhaji bai ambaci iska a rantsuwarsa ba.

Muka bi ta Maiha a bayan a-kori-kura, farkon damina. Zira ya ɗaura farar riga da lakataye saboda zai ga Bature, ya zauna tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji. Kafin Sorau kajin sun gama ba da ra'ayinsu a kan wandonsa. A Sorau muka sha kindirmo mai yanka da cokali, irin wanda in ka sha sai ka raina na kasuwar Mubi. Da muka wuce gari muka tarar da mayo, wato rafi, ya kawo ruwa. Direba ya ce shi ya san mayon nan tun yana karen mota, ya danna, muka kafe a tsakiya. Kowa ya sauka turi. Wani makiyayi yana bakin gaɓa, ƙafa ɗaya a kan gwiwa, yana ta ba mu umarni da Fillanci, a tura dama, a'a, hagu, shi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da motar ta fita ta feshe Zira da laka daga lakataye har takalmi, makiyayin ya ce ai da ma ya faɗa.

A boda, namu mutanen suka leƙa jaka suka ce Allah ya kiyaye. Can gaba muka tarar da jandarma da 'yar hularsa kamar gwangwanin tumatir, ya miƙo hannu ya ce, "Dantite, Mushe!" Katin shaida yake nufi, wannan na gane. Mushen ne ya tsaya mini a wuya. Na ce wa Zira, daga zuwa sai zagi? Ashe a can duk mutumin kirki mushe ne, har gwamna. Jandarman ya yi ta zuba Faransanci yana juya katinmu, sai na gaishe shi da Fillanci. Nan take fuskarsa ta sake. Ashe uwarsa 'yar Sorau ce. Ya tambaye ni ko rijiyar bayan masallaci tana nan, ya ba ni saƙon gaisuwa ga goggonsa, har ya kawo mana ruwa. Da ogansa ya leƙo daga rumfa, sai ya murtuke ya koma Faransanci, ya kore mu da hannu.

Garwa zafi! Mu da muke kukan zafin Mubi mu nemi gafara. A gidan Yaya muka sauka. Na tarar ya yi tumbi, furfura ta fito masa a gemu, in ya yi tari sai ka rantse Baba ne. Matarsa Adda Dudu ta yi mana tuwo da miyar yakuwa da kifin Binuwai, ta tsaya a kanmu sai da muka gama. 'Ya'yansa suna kira na Bappa, suna yi mini dariya da Faransanci. Da safe aka aiki babbar 'yarsa ta sayo burodi, ta dawo da wani dogo kamar sandar makiyayi, a hammata, ba ko takarda. Duk garin haka suke ɗaukarsa, cikin gumin nan. Zira ya ce burodin yana da gishiri daidai, na ce ai na ga inda ake sa masa.

Wani abin mamaki, rana na take tsaka sai garin ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, kowa ya tafi barci da izinin gwamnati. Mu a nan ma ana barcin a ofis, amma a ɓoye ake yi, da kunya.

Yaya ya tambaye ni kowa. Inna, ƙannenmu, mai wankin hular Baba, har jakin maƙwabcinmu da ya mutu tuntuni. Mutum ɗaya ya tsallake. Sai da muka rage mu biyu a tabarma na ce, "Yaya, ƙafafun Baba sun kumbura. Ba ya fita."

Yaya ya juyo ya dube ni. "Ya ce in zo?"

"Bai ce ba."

"To."

Na yi masa bayanin rediyo da fatawar liman. Ya ce shi zai je ya zauna, amma ba zai buɗe baki ba sai ya ji abin da Baba ya ce. In zagi ne, ya tashi ya tafi, kuma kada in sake kawo masa maganar. Na san zai aikata, don na san gidan da ya fito.

Baturen sunansa Mushe Andire. Ya zo gyaran injinan auduga tun yana saurayi, ya auri Bafillatana, ya manta hanyar gida. Fillancinsa na tsofaffin mata ne, don a bakin surukarsa ya koya. In ya yi mamaki sai ya dafe ƙirji. Da Zira ya faɗi sunansa na haruffa, tsohon ya rungume shi ya sumbace shi a kumatu, dama da hagu. Zira ya sandare. Ni kuwa na ja baya na miƙa hannu tun daga nesa.

Ɗakinsa cike da injuna masu fitilu, ga wani babba yana gurnani. Idon Zira na kan babban, sai tsohon ya jawo wani ɗan akwati daga ƙarƙashin tebur, bai fi kwalin sukari biyu ba. Ya ce wannan ne, wat biyar. Na tambayi Zira nawa ke nan a Hausa, ya ce bai kai ƙarfin fitilar babur ɗina ba. Na ce, "Don wannan muka tura mota a mayo?"

Tsohon ya ce mai farawa da wannan ya kamata ya fara. Batirin babur ya ishe shi, ba ruwansa da wutar gari, wadda a Mubi ma sai ta ga dama take leƙowa. Ka sa shi a jaka ka hau dutse da shi. Ya ce ƙarfin ba a akwatin yake ba, a wayar eriya yake: a yanka ta daidai awo, a ɗaga ta sama iya ƙarfin mai hawa itace. Ka daɗe kana saurare kafin ka yi magana. In ka danna madannin da ke jikin abin magana, kai ake ji. Sai ka saki za ka ji wani. A yi magana a hankali, a taƙaita, don batir ba rijiya ba ne. Ya nuna babban injinsa ya ce, "Ni za ku ji ni kamar ina zaune a tabarmarku. Ku kuwa sai na kasa kunne in tsinto ku cikin hayaniya, wani abu ya iso, wani ya zube a hanya."

Ya kuma ce wa Zira kada ya taɓa sayen na hannu bai shinshina shi ba, don wanda ya ƙone a ciki ba ya ɓoye wari. Zira ya shinshina, ya girgiza, ya kunna, ya kira babban injin daga tsakar gida. Ya yi. Sai aka zo ciniki, fagena, ni ɗan mai hula. Na kushe fentin, na kushe madannin, na ce a Mubi irinsa yara ke wasa da shi. Tsohon ya maimaita kuɗin da ya faɗa tun farko. Na tashi na kaɗe riga, na ce Ticha mu tafi, na nufi ƙofa a hankali ina jiran a kira ni. Ba wanda ya kira ni. Na tsaya a waje ina kallon furanni har na gaji, na dawo da ƙafata. Na ce to a ba mu gyara. Sai da matarsa ta yi masa bayanin gyara, ya yi dariya ya ƙara mana nadin waya. Aka ajiye magana: Lahadi da hantsi, bayan Zira ya taso daga coci, Yaya zai zo ya zauna gaban babban injin.

A dawowa ne matsalar take. Zamanin soja ne, ga mu da na'urar aika magana a jaka. Lasisin Zira na aljihunsa, amma wa zai tsaya karatu? A bodarmu wani mai kaki ya zaro akwatin ya ce mene ne. Na ce rediyo ne, ranka ya daɗe, wanda kuwa gaskiya ne. Ya ce a kunna ya ji labaran duniya. Muka jona da batirin motar, ya yi ta murɗawa. Shuuu, sai ƙyaf-ƙyaf na tangaraho, sai wasu muryoyi kamar agwagi na faɗa. Ba kiɗa, ba labarai, ba wurin sa kaset. Ya dube mu da tausayi.

"Wa ya sayar muku?"

"Wani Bature."

"Kai! An cuce ku. Kai da lakataye ma aka cuce ka?"

Na ga Zira ya gyara tsayuwa, malanta ta motsa, zai fara darasi. Na take masa ƙafa da duk nauyina. Mai kakin ya kira abokansa su zo su ga rediyon da aka sayar wa 'yan Mubi, suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce mu wuce, abin da ya same mu ya ishe mu.

A gida muka ɗaure eriya daga mangwaron tsakar gida zuwa dalbejiyar maƙwabci. Kafin mu sauko matata ta riga ta yi mana godiya a kan sabuwar igiyar shanya, sai da na rantse mata wayar za ta ja ta kamar lantarki. Sannan na shiga wurin Baba, na gaya masa komai. Ya ce shi ba shi da ɗa a Garwa. Zira ya durƙusa ya ce, "Baba, abin nan, in kana danna, shi Bukar ba zai iya magana ba. Sai ji kawai."

Baba ya ɗago kai. "Ba zai iya katse ni ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Ba zai iya ba ni amsa ina cikin magana ba?"

"Sai ka saki."

Baba ya ce, "Wanda ya ƙera abin nan ya haifi 'ya'ya. Ku fitar da ni."

Ranar Lahadi muka ɗauko shi a kujera zuwa gindin mangwaro, muka ɗora ƙafafunsa a kan matashi. Inna ta laɓe a bakin ƙofar ɗaki. Na ciro batirin babur ɗina, Zira ya jona, ya yi ta kira da Turanci yana jera haruffa. Can sai ga muryar Mushe Andire tangaran, ya gaishe mu da Fillanci, ya ce Bukar na gefensa. Zira ya sa wa Baba abin magana a hannu, ya roƙe shi ya yi a hankali, ya taƙaita. Baba ya danna, 'yar jar fitila ta kama.

Ko sallama bai yi ba. "Bukar! Allah ya sani ban rage ka da komai ba. Allah ya gani, tun kana rarrafe kake ba ni wahala. Allah ya ji abin da ka faɗa mini a gaban mutane. Allah ya kawo ranar da naka ɗan zai tsaya a gabanka ya ɗaga murya, ka ji in da daɗi!" Daga nan ya koma farko, tun ranar da Yaya ya gudu daga makarantar allo, ya bi laifuffukan ɗaya bayan ɗaya. Faɗan shekaru ne a tare a cikinsa, ga shi an ba shi fili ba mai katsewa. Na sunkuyar da kai. Ina ganin Yaya a raina yana miƙewa, yana sa takalmi. Na ce shi ke nan, ni na jawo, da na bar su da shirunsu ma ya fi. Zira na ta nuna mini jar fitilar tana dusashewa. Baba bai ma iso kan babban laifin, na dabino, ba numfashi ya gaza masa, yatsansa ya saki.

Shuuu. Sai murya ta cika tsakar gida, kamar mutumin na zaune a tabarmarmu.

"Amin, Baba. Amin. Amin." Yaya ne, yana kuka kamar yaro. "Muryarka tana zuwa tana ɓacewa, ban ji duka ba. Amma na ji sunana, na ji kana ta Allah ya, Allah ya. Amin, Baba. Na gode. Ban cancanta ba. Ka yafe mini ke nan, ina hanya."

Zira ya ɗaga kai yana binciken eriya, wadda ba abin da ya same ta. A bakin ƙofa Inna ta toshe baki da gyale.

Baba ya ce, "Modu."

"Na'am, Baba."

"Ɗan banzan nan amin yake cewa?"

"Amin yake cewa, Baba."

"A kan me?"

Baba ya ƙura wa ɗan akwatin ido. Tun da nake ban taɓa ganin hawaye a zanen fuskar nan ba sai ranar. Can ya ce, "To ai ba a bar shi da amin a hannu ba." Ya kawo abin maganar daf da bakinsa, ya danna, ya faɗa a hankali, a taƙaice, yadda Zira ya roƙa tun farko: "Allah ya yi maka albarka, Bukar. Na yafe."

Jar fitilar ba ta kama ba. Faɗan ya shanye batir. Albarkar ba ta wuce gindin mangwaro ba, kuma ni da Zira kaɗai muka lura. Muka dubi juna, Zira ya ce, "Ya tafi, Baba. Ya isa lafiya."

Kafin Juma'a Yaya ya iso da iyalinsa duka. Ya tarar da Baba da ransa, ya durƙusa, Baba ya ɗora masa hannu a ka ya ce ya yi tumbi. Shi ya yi jinyarsa, shi ya riƙa juya shi a gado, shi ya sa shi a kabari kafin kaka.

Yanzu duk inda Yaya ya zauna sai ya ba da labarin. Yakan ce tun da aka fara haihuwa ba a taɓa sa wa ɗa albarka mai tsawon tasa ba, har sai da batir ya ƙare tsohon bai gama ba. Sai ya juyo ya ce, "Modu, ai kana wurin. Ko ƙarya nake?"

Sai in ce, "Ina wurin, Yaya."